Dubi Fuskata

Uwata da ido ta raine mu. Mu shida ne a ɗakinta a Manchok, kuma ban tuna ranar da ta ɗaga murya a gaban baƙo ba, don ba ta da bukatar hakan. In ta dube ka ta dubi kujera, tashi ka ba babba wuri. In ta dube ka ta dubi ƙofa, fita. In aka miƙo maka abinci a gidan mutane ta kafe ka da ido ba ƙiftawa, to ka ƙoshi ke nan, ko da rabonka da abinci tun kunun safe. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan karatun. Mun tashi mun same shi ne kamar yadda muka sami yarenmu, kuma muna tinƙaho da shi. A coci har nuna mu ake yi, ana cewa 'ya'yan matar nan sun san ido.

Da na yi aure a Kafanchan na kama aikin koyarwa a firamare, da wannan idon na shiga aji, da shi kuma na raini nawa 'ya'yan. Babansu yana aiki a Kauru, sai ƙarshen wata muke ganin sa, saboda haka tarbiyya a hannuna take. Idon ya yi mini aiki a kan uku. Ta huɗun, autata, ita ce dalilin wannan rubutu. Na sa ta a mota tana da shekara goma sha biyar, ta yi shekara goma sha biyu ba ta taka ƙofar gidana ba, alhali tsakanina da ita bai kai tafiyar awa ɗaya ba. Duk tsawon lokacin nan tana ganin korar ta na yi. Ni kuma ina zaune ina jiran ta gane ba haka ba ne, ba tare da na buɗe bakina ba.

Yarinyar ta yi magana kafin ta yi tafiya. Tana rarrafe tana ba mutane labari. Da ta kai shekara uku tana juya yarenmu da Hausa yadda ta ga dama, Turanci kuma ta kwashe shi daga rediyon babanta. A makarantar Lahadi ba wanda ke kama ta a haddar aya. Tana da shekara shida ta tsaya a gaban majami'a ta kawo zabura guda tun daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe, mata suka yi ta guɗa. Ranar kaina ya kumbura har ɗankwalina ya nemi ya yi mini kaɗan. Babanta ya sa mata suna lauya, ni kuma na soma lissafin jami'ar da za ta je.

Amma lauyar nan ba ta iya ɗaura igiyar takalmi ba. Maɓallan rigarta kullum ɗaya ya tsallake ɗaya. In ta ɗauko ruwa sai ta bugi ƙofa, ƙofar da take wucewa sau ashirin a rana. 'Yan'uwanta yara in suna wasan tafa hannu, ita ce mai ɓata musu, har suka daina kiran ta. Sai ta koma cikin manya, ta matso daf da mutum ta yi ta zuba. Mutum ya yi hamma, ya dubi agogo, ya miƙe tsaye, ita tana nan a kan labarinta. Ina ganin duk wannan, amma na ce ƙuruciya ce da shagwaɓar auta.

Abin ya fito fili ne wata Lahadi da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa masara kuma ba ta nuna ba. Bayan sujada mu matan zumuntar coci muka tafi gaishe da wata 'yar'uwa da mijinta ya rasu, can bayan layin dogo. Na tafi da auta, tana da shekara tara. Mun yi addu'a, mun yi waƙa, sai matar ta shiga ɗaki ta fito da gwaten acha a kwano ɗaya. Kowa a wurin ya san abincin ranar 'ya'yanta ne, ga su ma su uku suna leƙe daga bakin ƙofa. Amma haka ake yi: ita dole ta kawo, mu kuma dole mu ce mun ƙoshi. Kwanon ya zagaya, kowa ta gode ta tura gaba, har ya iso kan 'yata.

Matar ta ce, "Ci mana, yarinya. Ci."

Na kafe auta da ido, irin kallon da in na yi wa yayyenta sai su ajiye cokali ko da ya kai baki. Ta karɓi kwano da hannu biyu, ta yi godiya, ta rufe ido ta yi addu'ar cin abinci mai kyau da tsari, ta soma ci. Na yi gyaran murya. Na zare ido. Na koma ƙifta mata. Can ta ɗago ta dube ni da damuwa ta gaske.

Ta ce, "Mama, wani abu ya faɗa miki a ido ne? Kawo in hura miki."

Mata suka sunkuyar da kai, wasu suna toshe dariya da bakin zane. Ta cinye gwaten tas. Mai gidan, don ta rufa mini asiri, ta tambaye ta ko ta ƙoshi. Ta ce e, ta gode, sai dai gishiri bai ji ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni malamar makaranta, ni mai koya wa 'ya'yan mutane ladabi, tawa ta cinye abincin marayu a gaban zumunta.

Da muka koma gida ban dake ta ba. Da ma dukan na yi, da aƙalla ta san an yi wani abu. Na ɗauko makamin uwata mafi nauyi, wato shiru. Kwana uku ban ce mata uffan ba. In na zuba abinci in ajiye mata in juya. Yayyenta duk sun sha jinin jikinsu, suna tafiya saɗaf-saɗaf. Ita kuwa tana bi na daga kicin zuwa tsakar gida tana tambaya, "Mama, kina fushi da ni? Mama, me na yi?" A rana ta uku na juyo na ce mata, "Dubi fuskata."

Ta duba. Ta duba da gaske, ta ƙanƙance ido kamar mai karanta allo daga bayan aji.

Ta ce, "Na duba."

Na ce, "Me kika gani?"

Ta ce, "Idonki, da hancinki, da gumi a goshinki."

Na ɗauka raini ne. Har zuciyata na ɗauka raini ne, kuma ina da hujja: yarinyar da ta haddace zabura ba za ta kasa gane fuskar uwarta ba. Bakinta shi ne shaidar da nake kafawa a kanta kullum. Da a ce ba ta da magana, ko tana da nauyin kai a komai, da na tausaya mata na nemi dabara. Amma mai wannan bakin, ai sai dai in ba ta ga dama ba. Daga ranar, "dubi fuskata" ya zama amsar da nake ba ta a kan kusan komai. Ban taɓa gaya mata laifin da ta yi a gidan matar nan ba. A ganina faɗar irin wannan abu da baki ma abin kunya ne.

A aji biyar ta faɗo hannuna a makaranta. 'Yar malama kuwa hukuncinta biyu ne, don kada a ce ana son kai. Jadawalin sau tana rera shi har sha biyu ba kuskure. Amma in na rubuta lissafi a allo na ce a kwafa a jera, sai lambobinta su karkace su gangara, na goma su koma ƙarƙashin na ɗaya, amsa ta fito wata iri. Na ce a zana taswirar ƙasa, nata ya fito ba kai ba gindi. A fareti kowa ya juya dama ita ta juya hagu, sai da na cire ta daga layi a gaban makaranta duka. Jan birona ya ƙare a littafinta fiye da na kowa.

Wata rana bayan an tashi, tana share aji ni ina maki, ta zo ta tsaya kusa da teburina.

Ta ce, "Mama, in kin faɗa da baki ina ganewa. Allon ne yake rikita ni."

Na ce, "Sauran yaran ba allon suke kallo ba? Ke ce ta gwal?"

Yarinya 'yar shekara goma ta kawo mini maganin matsalarta har teburina, da bakinta, cikin jimla biyu. Ni mai takardar shaidar malanta na kore ta ta je ta ƙarasa shara. Wannan yana cikin abubuwan da har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

A sakandare tana kan gaba a Turanci da darasin addini, tana ƙarshe a lissafi. Muddin yayarta tana makarantar, tare suke tafiya tare suke dawowa, ban lura da komai ba. Da yayar ta gama ta tafi kwaleji, sai auta ta fara makara, wani lokaci ta dawo gida bayan kowa da awa biyu. In na aike ta kasuwa, kasuwar da aka haife ta ana zuwa, sai yamma. Ta ce ɓata ta yi. Na ce ɓata a Kafanchan, garin da ko akuya ta san hanyar gida? Zuciyata ta tafi wajen samari. Na bincike jakarta, na sa ido, ban ga komai ba, amma zargin bai bar ni ba. Sai ga jarrabawar aji uku, ta faɗi lissafi. Ta maimaita aji, ta sake faɗuwa.

Na yanke shawara ni kaɗai. Ƙanwata tela ce, tana zaune tare da uwarmu a Manchok. Na ce auta ta je ta koyi ɗinki, tunda boko ya ƙi. A cikin raina kuma na tsara cewa shekara ɗaya za ta yi, idon uwata ya gyara ta yadda ya gyara mu, in dawo da ita ta sake gwada makaranta. Wannan rabin na biyu ban faɗa wa kowa ba, har ita.

Na kwana biyu ina haɗa mata jaka. Na soya gyaɗa, na yi mata yaji, na sayi sabon zane, na sa mata rigar sanyina don na san sanyin gindin dutsen nan. A can ƙasan jakar na ajiye Littafina Mai Tsarki, wanda aka ba ni ranar aurena. Duk abin da ke bakina a jakar nan na zuba shi. Da safe na raka ta tasha. Mota ta kusa cika, kwandasta yana buga ƙofa, sai ta tsaya da ƙafa ɗaya a ciki ta juyo.

Ta ce, "Mama, kora ta kike yi?"

Hawaye ya cika mini ido har ba na ganin ta sosai. Ko matar da ke sayar da lemu a gefe ta ga halin da nake ciki, don ta kau da kai. A ganina amsa ba ta wuce wannan ba, tana rubuce ɓaro-ɓaro a fuskata.

Na ce, "Shiga mota, ana jiran ki."

Ta shiga. Mota ta tashi.

Ɗinki bai yiwu ba, kuma da ina da hankali da na san ba zai yiwu ba. Yarinyar da lambobi ke karkace mata a takarda na tura ta yanka yadi. Ta yanka hannun riga biyu duk na gefe ɗaya, ta ɗinke wuyan buje. Ƙanwata ta yi haƙuri wata huɗu, sannan ta ce a bar wa Allah.

Abin da ban sa a lissafina ba shi ne idon uwata. A shekarun nan yanar ido ta rufe shi, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Matar da ta yi mulkin gida da ido, dole ta koma baki. Kuma auta ce ke zaune da ita yini guda. In tsohuwa tana son ruwa sai ta ce mata, "Tashi, ki yi taku huɗu wajen murhu, randa tana hannun da kike cin abinci, ki riƙe kofi da hannu biyu." Ruwa ya iso bai zube ba. Da tsohuwa ta ga haka, sai ta shiga faɗa mata sauran abubuwan ma, waɗanda mu ba a taɓa faɗa mana ba. In baƙo ya ce bari ya tafi har sau biyu, ki tsayar da labari. In kina magana da mutum, ki bar tazarar hannu ɗaya tsakaninku. In an ba ki abinci a gidan makoki, ki ɗanɗana sau ɗaya ki ce kin gode. Auta ta haddace su kamar ayoyi, tana kuma bin su ɗaya bayan ɗaya.

Ina zuwa duk wata. Takan durƙusa ta gaishe ni, ta karɓi kayana, ta kawo mini ruwa, ta koma gefe, kamar yadda ake yi wa baƙuwar da ake girmamawa. Wata rana da ta fita, uwata ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina. In tana so magana ta zauna, da Hausa take yin ta, Hausarta ta kasuwa wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

Ta ce, "Yarinyan nan ba shi da taurin kai. In ka faɗa mashi da baki, yana yi. Kai ne ba ka faɗa."

Na ce, "Mama, ke kin taɓa faɗa mana?"

Ta ce, "Ku kuna gani. Shi ba ya gani."

Na yi dariya, na ce tsufa ya sa ta laushi, jika ta saye ta. Na tashi na shiga kicin.

Shekara ta cika ban ce ta dawo ba. Ina jira ita ta roƙa, don a wurinmu uwa ba ta lallashin 'ya. Sai dai in yi mata hannunka-mai-sanda. In ce, "An yi wa ɗakinku fenti." Ta ce, "To, Mama." In ce, "Yayarki ta yi aure, ɗakin ba kowa." Ta ce, "To, Mama." Ni ina ganin na buɗe ƙofa har bango, ita kuwa labarin fenti kawai ta ji. In dawo gida ina ƙuna, ina cewa yarinyar nan ta riƙe ni a zuci. Haka muka yi ta yi. Uwata ta rasu, auta ta ci gaba da zama da ƙanwata. Ta koma makaranta a can, ta gama sakandare, ta zauna jarrabawar lissafi har sau uku ba ta haye ba, maganar kwaleji ta mutu. Cocinsu suka gano bakinta, ta zama mai fassara wa'azi, tana kuma koya wa mata karatu da yamma. Kirsimeti da Ista ina aika mata cewa za mu yanka kaza. Ta aiko da gaisuwa.

Saura shekara ɗaya in yi ritaya aka tara mu malamai bita a lokacin hutu. Na je ne don kada a ce ban je ba, na zauna a baya kusa da taga. Mai jawabin rana ta biyu wata matashiya ce da ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Ta rubuta wani dogon suna na Turanci a allo, sannan ta ajiye alli ta ce bari ta yi mana da Hausa. Ta ce akwai yaran da kunnensu da bakinsu suke gaba da na kowa, amma duk abin da ba a faɗa da baki ba, ba ya shiga. Idonsu lafiya lau, sai dai ƙwaƙwalwarsu ba ta fassara abin da idon ya ɗauko: fuskar mutum, harara, wasa da gatse, hagu da dama, jerin lambobi, hanya. Ta ce ba taurin kai ba ne, ba lalaci ba ne, haka aka halicce su. Ta ce kuma sun fi kowa shan wuya, domin iya maganarsu yana sa a ƙi yarda suna da matsala.

Wani malami ya tambaya me za a yi musu. Ta ce ba abu ne mai tsada ba. A faɗa musu komai da baki, mataki bayan mataki. A ba su takarda mai gida-gida don lissafi, kowace lamba da ɗakinta, a bar su su riƙa faɗar abin da suke yi da ƙarfi. A kwatanta musu hanya da abubuwan da za su gani ko su ji, su rubuta. A koya musu ladabi a fili yadda ake koyar da darasi. In za a canza wani abu a gaya musu tun da wuri. Ta ƙara da cewa, in kin yi fushi ki ce kin yi fushi, ki faɗi dalili. In kin yi murna ma ki faɗa.

Ban san lokacin da biro ya faɗi daga hannuna ba. Uwata da ba ta taɓa shiga aji ba ta gaya mini wannan, 'yata ta gaya mini tun tana aji biyar, sai da aka rubuta shi da Turanci a allo sannan na ji. Da aka tashi na tsaya har kowa ya fita.

Na ce, "'Yata, in yaron ya riga ya girma fa?"

Ta ce ba za ta iya yanke hukunci a kan wanda ba ta gani ba. Sannan ta dube ni, ita kam ta iya karanta fuska. Ta ce, "Amma Mama, ko ya girma, har yanzu yana jin magana."

A ajina na ƙarshe akwai wata yarinya mai surutu da lambobinta ke gangarawa. Na sa rula na zana mata gida-gida a littafi, na zaunar da ita kusa da ni, na ce ta riƙa faɗa mini abin da take yi. Kafin ƙarshen zango ta ci rabin maki, abin da ba ta taɓa yi ba. Uwarta ta zo har makaranta da godiya. Ya kamata in yi murna, amma baƙin ciki ne ya rufe ni. Rula da fensir ne kawai, kuma suna cikin jakata duk shekarar da auta ke ajina.

Na tafi Manchok da niyyar neman gafara. Sai ga shi hali bai bar ni ba. Zuwan farko na kai mata atamfa mai tsada. Ta gode, ta ce tana da kyau. Zuwa na biyu na kai kaza, na shiga kicin da kaina na dafa mata abin da ta fi so tun tana ƙarama, na zauna ina kallon ta tana ci. A wurinmu in uwa ta yi haka, ta gama ba da haƙuri. Ta ce abincin ya yi daɗi, ta wanke kwano. Sai a mota na gane har yanzu da ido nake magana, kaza da atamfa duk ido ne.

Zuwa na uku ranar Lahadi ne. Na shiga cocinsu na zauna a baya, na ji ta tana fassara. Fasto yana kawo jimla da Turanci, tana sauke ta da Hausa sumul, tsofaffi suna gyaɗa kai. Lauyar babanta ce tsaye a wurin, ba abin da ya ragu. Bayan sujada muka zauna a gindin mangwaron gidanmu, inda uwata ke zama. Na shirya magana tun daga Kafanchan, amma da na buɗe baki kuka ne ya fito. Ta matso, ta bar tazarar hannu ɗaya, ta dube ni da ƙanƙantattun idon nan nata.

Ta ce, "Mama, wannan kukan na fushi ne ko na mene ne? Ki faɗa mini."

Na faɗa. Na ce na nadama ne. Na ce ban kore ta ba, shekara ɗaya na yi niyya, kuma kullum ina so ta dawo. Na gaya mata abin da ya faru a gidan matar nan mai gwate, da abin da ƙifta idona yake nufi. Na ce ba ta da taurin kai, ni ce ban iya koya mata ba. Na ce ina ƙaunar ta. Ban taɓa faɗa wa wani ɗana wannan kalmar ba, ta fito mini da nauyi kamar baƙon yare.

Can ta ce, "Abincin yaran ne na cinye?"

Na ce e.

Ta ce, "Da kin ce kar in ci, da ban ci ba." Sannan ta ce, "Ranar a tasha, kuka kike yi?"

Na ce kuka nake yi.

Ta ce, "Na ga ruwa a idonki. Na ɗauka hayaƙin mota ne. Na tambaye ki, kika ce in shiga mota."

Na ce ta zo gida da Kirsimeti. Na ce ina so ta zo, ni ce nake roƙon ta. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ɗauka shi ke nan. Sai ta fito da takarda da biro.

Ta ce, "To ki faɗa mini hanya daga tasha. Ban taɓa sanin ta ba. Sau biyu na zo Kafanchan, na tsaya a tasha, ban san inda zan bi ba, kuma ban san ko kina so in zo ba, sai na koma."

Na faɗa mata tana rubutawa. In kin sauka ki juya wa masu lemu baya. Ki miƙe har ki tsallaka layin dogo. Ki ci gaba har ki ji ƙarar injin niƙa, ki juya wajen hannun da kike rubutu. Haka har zuwa gida na uku bayan rijiya, mai bishiyar gwaiba. Da ta gama na karɓi takardar na duba. Layi bakwai ne.

Ta zo da Kirsimeti. Kwana biyu ta yi ta koma, don Manchok ne gidanta yanzu, matan da take koya wa karatu suna jiran ta. Kwalejin ba za ta dawo ba, shekara goma sha biyun ma haka, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Ranar da ta iso ina tsakar gida ina tsince shinkafa, na ɗago na gan ta a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, takardar a hannu. Ba ta shigo ba.

Ta ce, "Mama, in shigo?"

Na ji fuskata ta riga ta fara ba ta amsa, sai na tuna. Na ajiye faranti na ce, "Shigo, auta. Gidanku ne. Na yi murna da kika zo."